Ƙyanda, Tamowa da Ciwon Ido: Yadda Raunin Garkuwar Jiki ke Janyo wa Yaranmu Makanta

Kamar yadda aka sani, da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kama, har zuwa tsakiyar bazara, lokaci ne da cutar ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa. Lokaci ne kuma da iyaye mata suka fi yin safa da marwa a asibitoci da yara masu jan ido, da kwantsa, da hawayen da ba ya tsayawa. Da yawa daga cikin jama'armu suna ɗaukar ciwon idon yaro a matsayin ƙaramin abu, wanda zai wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. Ga yaro mai ƙoshin lafiya, sau da yawa haka abin yake. Amma ga yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni, irin wannan ciwo yana iya zama mafarin hakiya, hakiya kuwa idan ta rufe tsakiyar ido, to gani ya tafi ke nan.

A unguwar Nassarawa GRA, inda Gidan Gwamnatin Jihar Kano yake, nan ne asibitin Nassarawa yake, wanda aka sanya wa sunan Kanar Muhammad Abdullahi Wase, tsohon shugaban mulkin soja na jihar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Jos cikin 1996. A cikin birnin kuma akwai Asibitin Ido na ECWA da aka kafa tun 1943, da Asibitin Ido na Makka, da sassan kula da ido na Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Wannan ni'ima ce da jihohi da dama ba su samu ba. Sai dai kuma Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma yaron da idonsa ya fara lalacewa a wani ƙauye na Doguwa ko Sumaila ko Kunchi ko Rogo, sai an yi doguwar tafiya da kashe kuɗi kafin a kawo shi gaban likitan ido. Ko a cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa kanta, cunkoson jama'a a unguwanni irin su Gama da Gwagwarwa da Tudun Murtala da Dakata ya sa cuta mai yaɗuwa ba ta wuyar zagaye gida. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu yi nazari a kan wannan al'amari, domin amfanin iyaye a karkara da kuma jami'an da nauyin kula da lafiyar jama'a ya rataya a wuyansu.

Mene ne bairos, mene ne garkuwar jiki?

Ƙwayoyin cutar da ke kama ido iri-iri ne. Akwai bakteriya, waɗanda magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka saba sayarwa a kemis suke iya kashewa. Akwai kuma bairos, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma suna shiga cikin ƙwayoyin halittar jiki ne su hayayyafa. Waɗancan magunguna ba sa taɓa bairos ko kaɗan. Mafi yawan lokaci jikin ɗan Adam ne da kansa yake yaƙar sa, ta hanyar dakarun da Allah ya halitta a cikin jini da kuma sinadaran da suke fitarwa. Waɗannan dakaru su ake kira garkuwar jiki.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwan da ke tsaga wannan bango a jikin yaranmu sanannu ne: tamowa da ƙarancin bitamin A, da ƙyanda ita kanta, da cutar ƙanjamau, da kuma wasu magunguna masu ƙarfi da likita kan ɗora yaro a kansu saboda ciwon daji ko ciwon ƙoda. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu yaro, bairos ɗin da a jikin wani zai yi kwana biyar ya tafi, a jikinsa sai ya zauna ya yi ɓarna.

Sashen idon da aka fi jin tsoro a kansa shi ne tantanin nan mai sheƙi kamar gilashi da ke rufe baƙin ido, wanda ta cikinsa haske yake ratsawa. Kaurinsa bai wuce kimanin rabin milimita ba a tsakiya. Idan gyambo ya fito a kansa ya warke, yakan bar farin tabo, wato hakiya. Idan kuwa gyambon ya yi zurfi, yana iya huda tantanin, ruwan ido ya tsiyaye, idon ya mutu baki ɗaya.

Abin da binciken Zariya ya nuna

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a Arewacin Nijeriya, kuma a nan ƙasar aka yi ɗaya daga cikin muhimman binciken da aka yi a kanta. A shekarar 1979, likitoci biyu da suka yi aiki a asibitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Dokta John Sandford-Smith da Dokta Hilton Whittle, sun wallafa sakamakon bincikensu a mujallar likitocin ido ta Ingila. Sun bayyana cewa gyambon ido a jikin yara masu tamowa shi ne kan gaba wajen makantar da yara a Arewacin Nijeriya a wancan zamani, kuma yawanci yana biyo bayan ƙyanda ne. A wata makarantar makafi da suka duba, kashi 69 cikin 100 na yaran sun makance ne saboda lalacewar wannan tantani na gaban ido. Cikin yara masu hakiya da suka bincika kuwa, aƙalla kashi 42 cikin 100 bayan ƙyanda suka same ta. Har ila yau sun yi nuni da cewa wani bairos na daban, mai suna harfis, yana samun damar kai wa ido hari a daidai lokacin da ƙyanda ta karya jikin yaro.

Bayan shekara takwas, a 1987, wani bincike da aka yi a Tanzaniya a kan yara 130 masu gyambon ido ya ƙara fito da abin fili. An ga cewa ƙyanda da harfis da ƙarancin bitamin A da magungunan gargajiya da ake ɗiga wa ido, su ne manyan dalilai huɗu, kuma sau da yawa sukan haɗu a kan yaro ɗaya.

A 2019 masana suka ƙara gano wani sirri game da ƙyanda. Binciken da aka yi a kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan ya nuna cewa ƙyanda tana shafe daga kashi 11 zuwa kashi 73 cikin 100 na sinadaran kariya da jikin yaro ya tara a rayuwarsa. Ma'ana, jiki yana manta cututtukan da ya taɓa yaƙa a baya. Wannan shi ne bayanin abin da iyayenmu suka daɗe suna gani da idonsu, cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi watanni yana fama da gudawa da tari da ciwon baki da ciwon ido.

Yadda ƙyanda ke taɓa ido ya kasu gida uku. Na farko, bairos ɗin ƙyanda da kansa yana sa ido ja, yana kuma yi wa tantanin gaban ido ƙananan raunuka. Na biyu, zazzaɓi da gudawa da ƙin cin abinci suna ƙarar da ɗan bitamin A da ke ajiye a hantar yaro, ido ya bushe, tantanin ya yi laushi, a wasu lokuta ya narke cikin kwana ɗaya ko biyu. Na uku, harfis da bakteriya su samu ƙofa a buɗe.

Sauran bairos masu kama ido

Harfis shi ne bairos ɗin da ke fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a gefen leɓe bayan mutum ya yi zazzaɓi. Mafi yawan mutane suna ɗauke da shi tun suna yara, yana kwance a cikin jijiya, ba ya tashi sai jiki ya yi rauni. Idan ya sauka a ido, yawanci ido ɗaya yake kamawa, ya yi gyambo mai rassa kamar reshen itace. A jikin yaro mai tamowa ko ƙanjamau gyambon yakan yi faɗi, yana iya kama idanu biyu, kuma yana yawan dawowa. Yana da magani, wato Acyclovir, na shafawa a ido ko na sha, amma sai an gane shi da wuri.

Bairos ɗin ƙarambau ma ɗan'uwan harfis ne. Bayan yaro ya warke daga ƙarambau, ƙwayar tana maƙalewa a jijiya. Wata rana tana iya tashi ta fito da ƙuraje masu zafin gaske a ɓari ɗaya na goshi da fatar ido. Wannan cuta ce da aka fi sani ga tsofaffi. Saboda haka idan aka gan ta a jikin ƙaramin yaro, wajibi ne likita ya binciki garkuwar jikinsa. Haka nan idan aka ga ƙananan ƙuraje masu cibiya a tsakiya sun yi yawa a fatar idon yaro sun ƙi tafiya.

Akwai kuma wani bairos da likitoci ke kira CMV, wanda yake kai hari can bayan ido, a shimfiɗar da ke ɗaukar hoton abin da mutum ya kalla. Yana kama waɗanda garkuwarsu ta faɗi ƙasa warwas, kamar mai ƙanjamau da bai samu magani ba ko wanda aka yi wa dashen ƙoda. Haɗarinsa shi ne ido ba ya ja, ba ya zafi, ƙaramin yaro kuma ba zai iya cewa ganinsa yana raguwa ba. Sai an leƙa cikin idon da na'ura ake gane shi, kuma abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa.

Ba za mu manta da rubela ba, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. A jikin yaro cuta ce mai sauƙi, amma idan ta kama mace a watanni uku na farkon ciki, ana iya haihuwar jariri da yanar ido, ko kurumta, ko ciwon zuciya.

Sai kuma Afolo, wanda kowa ya sani. An fara ganin annobarsa a ƙasar Gana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, daga nan ya samo sunansa. Yana yaɗuwa ta hannu da tsumma da abin kwanciya, yana sa ido ya yi jawur ya kumbura, amma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Babbar ɓarnar da ake samu a lokacin Afolo daga abin da mutane ke zuba wa idon take fitowa.

Inda muke ƙara wa ciwo gishiri

Abu na farko shi ne ɗiga wa ido abin da ba magani ba. A garuruwa da ƙauyuka ana amfani da fitsari, da ruwan sukari, da ruwan albasa, da nonon uwa, da ruwan ganyayyaki da saiwoyi, har ma da ruwan batir. Wasu daga cikin waɗannan suna ƙona ido nan take, wasu kuma suna shigar da sababbin ƙwayoyin cuta. Fitsarin mai ciwon sanyi, alal misali, yana iya huda ido cikin kwana biyu. Kwalli ma abin lura ne, domin madambacin da aka zizara wa mai ciwo aka kuma zizara wa mai lafiya ya zama gadar cuta. Bugu da ƙari, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da aka samu gubar dalma a jininsa, aka kuma gano cewa kwallin da aka kai masa daga Nijeriya sama da kashi 80 cikin 100 ɗinsa dalma ce.

Abu na biyu shi ne maganin ɗigawa na kemis mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su Dexamethasone da Betamethasone. Wannan magani yana kwantar da jan ido da ƙaiƙayi cikin sauri, shi ya sa jama'a suka yarda da shi. Amma aikinsa shi ne danne garkuwar jiki a wurin da aka ɗiga shi. Idan harfis ne a idon, sai gyambon ya yi ta faɗaɗa alhali iyaye suna ganin kamar sauƙi ya samu. Idan kuma aka daɗe ana amfani da shi, yana haifar da hawan jinin ido da yana, kuma yara sun fi manya saurin kamuwa da hakan. Likitan ido ne kaɗai ya kamata ya ba da umarnin amfani da shi, bayan ya duba idon.

Abu na uku shi ne jinkiri. Har gobe akwai gidajen da ake ɓoye mai ƙyanda a ɗaki mai duhu, a hana shi wasu abinci masu gina jiki, a ce ba a kai baƙon dauro asibiti. Yaron yana kwance idanunsa a rufe saboda zafin haske, ba wanda ya buɗe ya duba, sai bayan ƙurajen sun baje a ga fari ya rufe baƙin ido. A wannan mataki abin da ya rage shi ne dashen tantanin ido, aiki mai tsada da wuyar samu a ƙasar nan, kuma a idon ƙaramin yaro ba kullum yake yin nasara ba. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne a shekaru bakwai zuwa takwas na farkon rayuwa, idon da ya daɗe a rufe a wannan tsakani ba ya cika koyon gani daga baya.

Halin da ake ciki

Babu shakka an samu ci gaba ƙwarai daga 1979 zuwa yau. Rigakafin ƙyanda da rabon bitamin A sun rage irin wannan makanta a ƙasashe da dama na Afirka. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a cikin sukari da man girki da fulawa da ake sarrafawa a masana'antun Nijeriya, kuma alamar hakan a jikin kaya ita ce hoton ido mai harafin A a ciki. Daga 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar da maganin rage kaifin ƙanjamau kyauta, abin da ya rage yawan masu makancewa ta dalilin CMV. Tsakanin 2019 da 2020 aka ƙara allurar ƙyanda ta biyu a tsarin rigakafin yau da kullum, ta yadda yaro zai karɓi ta farko yana wata 9, ta biyu yana wata 15. A watan Oktoban 2025 kuma aka ƙaddamar da gagarumin gangamin allurar ƙyanda da rubela a haɗe ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, kuma Jihar Kano tana cikin rukunin farko.

To amma tarihi ya koya mana cewa wannan nasara tana iya komawa baya. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukatan jama'a. Dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa watan Yulin 2004 ya ƙara sanya shakku a kan allurai baki ɗaya. A watanni uku na farkon 2005 aka samu rahoton mutum sama da 20,000 da suka kamu da ƙyanda a Nijeriya, kusan 600 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Da haɗin kan sarakuna da malamai aka dawo da amincewar jama'a, har aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a ranar 25 ga Agustan 2020. Sai dai annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta tona mana asiri cewa har yanzu akwai ɗimbin yaran da allura ba ta kai gare su ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2023 ta nuna cewa yaran Nijeriya sama da miliyan 2 ba su samu ko allura ɗaya ta rigakafin yau da kullum ba. A wannan shekarar dai ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500 a duniya, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Ta fuskar abinci ma akwai abin damuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna cewa sama da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki. A maƙwabciyarmu Katsina, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da rasuwar yara 652 masu tamowa a cibiyoyinta cikin watanni shida na farkon 2025. A shekarar ce kuma Amurka ta janye kaso mai yawa na tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ta kuma rufe hukumar USAID, abin da ya taɓa shirye-shiryen abinci da na lafiya a Arewa. Idan muka haɗa waɗannan abubuwa wuri guda, za mu ga cewa sharuɗɗa biyu da binciken Zariya ya ambata, wato tamowa da ƙyanda, suna nan tare da mu.

Wani abin lura shi ne, allurar ƙyanda tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, saboda haka ba a yi wa yaron da garkuwarsa ta faɗi sosai, kamar wanda ake yi wa maganin ciwon daji. Kariyar irin wannan yaro tana hannun maƙwabta. Masana sun ce sai kashi 95 cikin 100 na yaran gari sun samu allura sau biyu sannan ƙyanda take rasa hanyar yaɗuwa. Don haka magidancin da ya hana a yi wa 'ya'yansa allura, ya sani hukuncin da ya yanke ya shafi jaririn maƙwabcinsa da bai kai wata 9 ba, ya kuma shafi marar lafiyar da ba shi da wata garkuwa sai ta jama'a.

Abin da ya kamata iyaye su yi

A kai yaro asibiti a ranar da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu: jan ido tare da zazzaɓi da ƙuraje, yaro ya kasa buɗe ido ko yana gudun haske, fari ko hazo a kan baƙin ido, ƙuraje masu ruwa a fatar ido ko goshi, kwantsa mai yawa, musamman ga jariri sabon haihuwa, dundumi, wato yaro ya riƙa tuntuɓe da laluben hanya da zarar magariba ta yi, ko jan idon da ya wuce kwana uku bai yi sauƙi ba. Idan yaron yana da tamowa, ko ƙanjamau, ko yana kan maganin daji ko na ƙoda, to kowane irin ciwon ido a ɗauke shi da gaggawa.

Duk yaron da ya kamu da ƙyanda yana buƙatar bitamin A a ranar da aka gane cutar da kuma washegari, a ƙara masa na uku bayan mako biyu zuwa huɗu idan akwai alamar lalacewar ido. Uwa tana da 'yancin tambayar ma'aikacin lafiya ko an ba ɗanta. A gida kuma a riƙa goge kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, a buɗe idon a hankali a duba shi kowace rana, a ci gaba da shayarwa da ba da abinci da ruwa. A wanke hannu da sabulu, a ware wa marar lafiya tsummansa da matashinsa.

Ko ba ciwo, yara daga wata 6 zuwa shekara 5 suna karɓar ɗigon bitamin A duk bayan wata shida, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga waɗanda suka cika shekara. Ana raba shi kyauta a Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara. Abincinmu na gida ma yana da wadatar wannan sinadari: zogale, alayyafo, rama, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, manja, hanta, ƙwai da madara. Ɗan man da aka sa a kwaɗo ko miya yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Mata masu juna biyu kuma su je awo su yarda a yi musu gwajin ƙanjamau, domin maganin da ake bayarwa kyauta yana hana jariri ɗaukar cutar. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 wani mataki ne a kan wannan hanya.

Nauyin da ke kan jami'ai da shugabanni

Ba zai yiwu a ajiye likitan ido a kowace mazaɓa ba, amma zai yiwu kowane ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya iya abubuwa huɗu: ya buɗe idon yaro ya haska da tocila, ya gane hazo ko gyambo, ya ba da bitamin A da maganin shafawa na kariya daga bakteriya, ya kuma rubuta takardar tura marar lafiya gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Akwai wata 'yar takarda mai rini ruwan ɗorawa da ake taɓa ido da ita gyambo ya fito fili, ba ta da tsada, ya kamata a same ta aƙalla a manyan asibitocin ƙananan hukumomi tare da Acyclovir.

Muna ganin ya dace shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin sassan lafiya su tabbatar da cewa bitamin A ba ya yankewa a ɗakunan magani, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, su kuma kula da firjin ajiye allura da man babur na masu kai rigakafi rugage da ƙauyukan da ke nesa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma haƙƙin kwamitocin raya mazaɓu ne su bi sawun yadda ake kashe kason da ya iso asibitinsu. Haka kuma ya kamata a mayar da duba ido wani ɓangare na aikin cibiyoyin kula da tamowa da na masu ƙanjamau, tun da a nan ne yaran da suka fi shiga haɗari suke taruwa.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka fara sanin ɓullar ƙyanda a gari. Sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a rana ta farko yana iya tsayar da annoba kafin ta bazu. Limamai da malaman Islamiyya da na allo suna da murya a wurin iyaye maza, waɗanda su ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota. Masu kemis, ta hannun ƙungiyarsu, ya kamata a wayar musu da kai su daina sayar da maganin ido mai sitiroyid ba tare da takardar likita ba. Ungozomomi da wanzamai da masu maganin gargajiya kuwa, a jawo su a jika, a nuna musu alamun haɗari, domin sau da yawa su ne ake fara kai wa yaro.

Daga ƙarshe, muna kira ga kowane magidanci da ya ɗauko katin rigakafin 'ya'yansa ya duba ko an yi musu allurar ƙyanda sau biyu, wanda bai samu ba a kai shi asibiti mafi kusa, kyauta ake yi. Yaron da ya makance yana da shekara biyu zai iya rayuwa shekara hamsin ko sittin a cikin duhu, alhali abin da zai tsare masa ganinsa bai wuce allura biyu da ɗigon bitamin A da zuwa asibiti a kan lokaci ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kare mana 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.